Kebul Ya Shiga, Ni Ban Shiga Ba

Yaran da ke zuwa shagona koyon aiki, kusan dukkansu da magana ɗaya suke isowa. Wai haɗa kwamfutoci ba aiki ba ne, waya ce kawai, ka soka nan ka soka can. Ba na musu da kowa. Ina yanko guntun kebul, in haɗa wa yaro da kan robar da ake sa wa bakin kebul da filayar matsewa, in ce ya yi min kai ɗaya mai kyau, ni kuma in koma kujerata. Wanda ya fi cika baki shi ke fara share zufa. Saboda irinsu na zauna nake rubuta wannan, domin idan na faɗa da baki idanunsu na kan wayar hannu, rabin maganar a ƙasa take zubewa.

Sunana Lawal, amma a Daura sai ka ce Lawal Kebul kafin a nuna maka shagona. Ban gama sakandare ba. Wayarin ɗin gidaje na fara koya a hannun Oga Emeka, wani ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan lantarki kusa da tasha, wanda ya daɗe a garin nan har in yana faɗa da Hausa ba ka cewa baƙo ne. Lokacin da aka fara buɗe shagunan kafe, inda mutane ke biya su hau intanet, shi ya fara zuwa Kano ya koyo aikin. Ya dawo da wani ɗan akwati a leda, ya ajiye a gabana.

"Lawal, ka san wannan?"

Na ce, "Rediyo ce marar eriya."

Ya ce, "Kanka ne marar eriya. Sunansa hab. Je ka wanke hannu kafin ka taɓa."

Hab bai fi girman kwalin sukari ba. A bayansa akwai ramuka a jere, a gabansa ƙananan fitilu, kowane rami da fitilarsa. Kowace kwamfuta za ka ja mata kebul zuwa rami ɗaya. Aikinsa irin na mai shela ne: duk abin da kwamfuta ɗaya ta faɗa, sai ya ɗaga murya ya maimaita wa dukkan sauran, wanda maganar ta shafa ya ɗauka. Ba shi da wayon da na yanzu ke da shi, waɗanda kuke kira suwic, masu sanin gidan kowa. Amma a zamaninsa, da shi ne kwamfutoci da yawa ke cin layin intanet ɗaya, su kuma yi tarayya a firinta ɗaya.

Cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Kafin su shiga kan roba dole su jeru yadda aka tsara: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka na haddace su kamar karatun allo. Oga Emeka ba ya duka, ba ya zagi, amma yana da almakashi. In ka matse kai ba daidai ba, sai ya datse shi, ya jefa cikin gwangwanin madara, ya miƙo maka sabo. Sai da gwangwanina ya cika kafin hannuna ya faɗa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma kowanne yana da wurinsa a jaka. Akwai filayar matsewa, akwai 'yar wuƙar fere fatar kebul, akwai almakashi, da guduma, da ƙananan ƙusoshi masu riƙe kebul a bango, da salatif. Sai tasta, wato abin gwaji. Ita gida biyu ce: ka soka kai ɗaya a wannan ɓari, ɗaya kan a wancan, fitilu su riƙa bin juna daga ta ɗaya zuwa ta takwas. In wata ta yi tsalle ko ta ƙi kamawa, aikinka ya ɓaci, kuma ba a roƙon tasta.

Aikin ma da tsarinsa. Da farko ka duba wuri da ƙafarka, ba a waya ba. Sannan ka zaɓa wa hab mazauni: sama da ƙasa, nesa da taga, nesa da randa, inda iska ke ratsawa, inda ido ke iya ganin fitilunsa. Sannan wuta, kada ka taɓa ba shi wutar janareto kai tsaye sai ta bi ta sitabilaiza. Sannan awo, ka bar rara kaɗan don ranar da za a matsa da tebur. Kada kebul ya kwanta jikin wayar wuta, kada a lanƙwasa shi kamar ana karya rake. A ƙarshe ka soka su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka jira fitilarsa ta yi kore kafin ka taɓa na gaba. Mai soka duka a lokaci guda, ranar da abu ya tsaya ba zai san wa zai kama ba.

Wani ofis a Dutsi sun taɓa kirana sau da dama a kan hab ɗaya, kullum da hantsi yake sumewa. Na canza kebul, na canza adafta, bai daina ba. Rannan na yi sammako na riga kowa zuwa, na zauna a gefe. Sai ga masinja ya shigo da ƙosansa a leda, ya ɗora a kan hab ɗin cikin natsuwa, ya rufe da fayil. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Ai ɗumi gare shi, ɗana. Har azahar ƙosai ba ya hucewa." Da na buɗe akwatin, man gyaɗa na tarar har ƙasan ramukan. Na ɗaga sabon can sama kusa da silin, shi kuma na ba shi shawarar ya nemi kular abinci.

Amma aikin da nake so ku ji, ku masu cewa soka nan soka can, shi ne na gidan Malam Iliyasu.

Malam Iliyasu tsohon malamin firamare ne. Da ya yi ritaya ya buɗe ɗan kafe a shagon ƙofar gidansa, a wata unguwa da ba ta da nisa da Kusugu, kuma ni na haɗa masa. Maiɗakinsa, Malama Hajara, ta koyi kwamfuta a kan wata tsohuwa da ya shigar mata cikin gida. Sai ta ƙudura za ta buɗe aji ta koya wa matan aure na unguwa. Ta sayar da wani sa nata da yayanta ke yi mata kiwo a ƙauye, aka sayo mata kwamfutoci huɗu na hannu da firinta, aka jera a wani ɗaki da ke bayan shagon, bango ɗaya ne tsakaninsu. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da juna, a kuma jawo musu layi daga shago.

A ƙa'ida wannan ba wahala. Ku ma kun san yadda ake yi: maigida ya shiga gaba, ya ce a gyara maza za su shigo, mata su shige ɗaki, ka yi aikinka ka fita. To a nan ba hali. Mazajen unguwa sun yi ta ja da maganar ajin, jagoransu kuwa wani dattijo ne, Baba Sule, wanda dakalinsa ke kallon ƙofar Malam Iliyasu kai tsaye. Hujjarsa ɗaya ce: kwamfuta kullum cikin lalacewa take, yau mai gyara, gobe mai gyara, za a wayi gari ƙarti na shiga suna fita inda matan mutane suke. Don a kashe maganar, Malam Iliyasu ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa ya ɗauki alkawari a gaban jama'a: tun daga ranar da kwamfutoci suka shiga, ba namijin da zai taka sashen nan sai shi, ko mai gyara ne ko wane ne. A kan haka suka yarda su bar matansu. In aka ga ƙafar namiji sau ɗaya, aji ya tashi, sa kuma ya riga ya tafi.

Na ce masa, "Malam, ba damuwa. Zan matse kawunan duka a waje, ka shiga da su ka soka."

Gajerun sun yiwu haka. Dogon da zai tashi daga shago shi ne ya ƙi. Bangon na ƙasa ne, tsoho, mai kauri, ga damina ta sauka. Magini ya ce in aka huda shi zai tsage. Hanya ɗaya ce, wani siririn bututun ƙarfe da wayar eriya ta taɓa bi. Kebul tsirara yana wucewa, amma da kai a jikinsa ba ya shiga. Ke nan dole a matse ɗaya kan a can ciki.

Na zaunar da Malam Iliyasu na fara koya masa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga waya sama, ya ce, "Wannan koren ne ko?" Shuɗi ne a hannunsa. Da ya ɓata min kawuna da dama, ya ajiye filaya ya ce, "Lawal, ni alli na iya riƙewa. Wannan aikin masu ido ne."

A saman bangon akwai wata 'yar taga mai raga, can kusa da rufi, ba a ganin komai ta cikinta amma murya na wucewa. Ta nan muka ji an yi gyaran murya.

"Malam, ka ce wa Malam Lawal ya aiko da kayan. In zai faɗa, ni zan yi."

Malam Iliyasu ya dube ni. Na ce, "Malama, aikin nan ba wasa ba ne. Wayoyin sirara ne ƙwarai."

Ta ce, "Sun kai zaren hula?"

Na dubi hular da ke kan mijinta. Ɗinkinta ce, kuma na daɗe ina kallon aikin.

Mai kai da kawowa tsakaninmu ita ce Goggo Abu, ƙanwar mahaifin Malam Iliyasu, tsohuwa mai tsabta da faɗa, wadda ba ta iya ganin tsinke a ƙasa ta wuce. A kan faifai take ɗaukar kaya, kamar za ta kai tuwo. Na jera mata filaya da wuƙa da almakashi da guntayen kebul na gwaji, ta shige. Ni kuma na ja benci na zauna ƙarƙashin taga, bayana jingine da bango.

"Fere fatar waje, kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. A hankali, kada wuƙa ta taɓa na ciki."

"Na fere."

"Warware murɗin. Ki miƙar da kowace tsakanin yatsu har ta daina lanƙwasa. Yanzu jera daga hagu. Fari mai ratsin ruwan lemo."

"Sai ruwan lemo. Ai na ji kana yi wa Malam bita, har na riƙe."

"Ba a gaba da ni, Malama. Ni zan faɗa, ke ki jera."

Na ji Goggo daga ciki tana cewa, "Ikon Allah, yaron nan da iko yake, kamar shi ya ajiye ki."

Kan farko ya fito a faifai, na soka a tasta. Fitila ta shida ta ƙi. Na duba, waya ɗaya ba ta kai ƙarshen roba ba. Na datse shi da almakashi, na ɗora sabo a faifai. Goggo ta riƙe haɓa.

"Ɗan nan, ba ka da kunya? Aikin matar mutane ka datse a gabana?"

Na ce, "Goggo, haka aka yi min."

"To wanda ya yi maka ma bai kyauta ba."

Na biyu ya fito, jerin daidai amma matsin bai kai ba, na ja da hannu ya zare. Shi ma na datse. Wanda ya biyo baya kuwa, fitilun tasta suka bi juna tsaf kamar sahu. Na juya shi, na sake juyawa, ina neman aibi ban samu ba. Fatar kebul ta shige daidai inda haƙorin roba ke cizo, wayoyin duk tsawonsu ɗaya. Na ce a yi wani. Aka yi, shi ma haka. Sannan na zura dogon ta bututu, na aika da ɓarin tasta ɗaya ciki. Ta matse kan, ta soka, ta riƙa kirga min fitilu ta taga ina duba nawa ɓarin, muka tashi tare a ta takwas.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa a nan don ku gane abin da ya biyo baya. Hab ɗin bai iso daga Kano da wuri ba, ita kuma tana son ta fara gwaji. Sai na yi mata wani gajeren kebul na musamman, mai jerin wayoyi a juye a kai ɗaya, wanda ke haɗa kwamfuta biyu kai tsaye ba tare da hab ba. Irin wannan kullum ina naɗa masa jan salatif don kada ya ɓace cikin sauran. Da hab ya iso na ce ta cire shi ta ajiye, ta ce ta rataye shi a ƙusa.

Girka hab ɗin ma ta taga muka yi. Ta ce za ta ɗora shi a kan kabad, ta lulluɓe shi da wata 'yar saƙa da ta yi masa. Na ce a kan kabad na yarda, saƙa kuwa a ba wa rediyo, shi wannan numfashi yake so. Ta ba shi wuta ta sitabilaiza. Na ce ta duba ramin ƙarshe, wanda ya ɗan ware daga 'yan uwansa, mai maɓalli a gefe. Nan ne mazaunin dogon da ya fito daga shago, kuma sai ta danna maɓallin ya shige. Ina tsaye gaban hab ɗin shago, fitilar ramin da na ware musu ta yi kore. Sannan kwamfutoci, ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar firinta ta yi kuka a cikin gida, Malam Iliyasu ya fito da takarda yana nuna wa duk wanda ya gifta. Aka sa ranar Asabar za a buɗe aji.

Asabar da safe ina shan koko, sai ga ɗan acaɓa, wai Malam Iliyasu ya ce ko me nake yi in bari. Na tarar da ƙofar gida cike. Mata sun riga sun shige, mazajen da suka kawo su a babur ba su tafi ba, sun tsaya ganin yadda za ta kaya. A shago kwastomomi na ta tsaki, ba kwamfutar da ke buɗe komai. Na ciki ma haka. Baba Sule na kan dakali da rediyonsa, fuskar nan fal annuri.

"A'a, injiniya! Sannu da zuwa. Yau dai sai an shiga ko?"

Na gaishe shi kawai.

"Ko a aro maka hijabi? Akwai na uwar 'ya'yana, zai kai maka har ƙasa."

Aka kwashe da dariya. Malam Iliyasu ya ja ni cikin shago, ya rage murya. Ya ce ya shiga ya duba da idonsa, komai tsaf, ɗakin ma ya fi jiya kyau. Ya ce, "Lawal, akwai ƙofar baya ta lungu. Ko kuwa mu sallami matan nan, mu ce sai wani lokaci." Ni da shi mun san lungun nan ba ya rasa ido, mun kuma san in aka sallame su a ranar farko, rabi ba za a sake barinsu su dawo ba.

Na ce, "Malam, ba ƙofar baya, ba sallama. A bi tsari."

Abu na farko, na zare dogon kebul daga hab ɗin shago. Nan take kwamfutocin shago suka farfaɗo. Ke nan ciwon a ciki yake, kuma yana biyo kebul ya kama na waje. Na ja bencina ƙarƙashin taga.

"Malama, salamu alaikum. Me fitilu ke yi?"

Muryarta ba kamar ta jiya ba. "Duk suna ta ƙyaftawa kamar sun haukace. Ga wata ja a gefe, ta kama ta ƙi mutuwa."

"An taɓa wani abu?"

"Ba wanda ya taɓa. Yadda muka bar shi jiya haka yake."

"To kashe shi. Zare kebul ɗin duka, ɗaya bayan ɗaya, ki riƙe su a hannu. Za mu sake daga farko."

Na ji ƙas, ƙas, tana zarewa. Malam Iliyasu ya fara murza hula. Sai Malama Hajara ta kira ni ta taga.

"Malam Lawal."

"Na'am."

"Kwamfutoci huɗu ne, da dogon nan biyar. Amma kawuna bakwai na zare."

Na miƙe tsaye. "Akwai mai jan salatif a ciki?"

"Akwai."

"Bi shi da hannu. Ina ya tafi?"

"Bai tafi ko'ina ba. Daga wannan ramin ya fita, ya zagayo ya shiga na kusa da shi."

Kafin in buɗe baki, muryar Goggo Abu ta cika tagar, ba alamar nadama a cikinta.

"Ni na sa shi! Na tashi da asuba na share ɗaki, na goge teburori, sai in bar waya tana lilo a ƙusa kamar igiyar shanya, ga baƙi za su zo? Ga ramuka nan biyu a buɗe suna jiran ƙura da kyankyaso. Na sa kowane kai a gidansa, ya zauna daram. Laifi ne?"

Ku da ke koyo, ku riƙe wannan. Na ce muku hab mai shela ne. To Goggo ta haɗa bakinsa da kunnensa. Duk abin da ya faɗa sai ya ji shi a matsayin sabon labari, ya sake shelantawa, ya sake ji, ya sake faɗa, har ba wanda ke samun damar magana, na ciki da na waje.

Na ce, "Goggo, ba laifi ba ne, tsabta ce ta yi yawa. A ɗoro min mai jan salatif ɗin a faifai."

Muka koma tsari. Wuta. Dogon kebul a ramin ƙarshe. Na mayar da nawa kan a shago, fitila ta yi kore ta zauna lafiya. Kwamfuta ta farko, kore. Ta biyu, kore. Da ta ƙarshe ta kama, sai guɗa ta tashi daga cikin gida, ta fito ta taga, ta tsallaka titi har dakalin Baba Sule. Mazajen da ke kan babura suka fara tayar da injin. Na fito ina kaɗe wando, da gangan na tsaya a tsakiyar titi inda kowa zai ga daga shago na fito.

Baba Sule ya rage ƙarar rediyo. "Har an gyara?"

"An gyara, Baba."

"Ba ka shiga ba?"

"Kana nan zaune ai."

Ya ce, "Dama na san abin ba wani babba ba ne."

Goggo ta fito da faifai: ɓarin tasta, da wuƙa, da almakashi, da kebul mai jan salatif, da kwanon fura. Na duba, na ce filayata fa? Ta ce, "An ce a gaya maka, gobe in wani kai ya lalace wa za a kira?" Na sha fura, na tafi na sayi wata.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ta zo daga baya, lokacin da intanet ya koma cikin wayar hannun kowa. Kafe suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, masu su na sayar da kwamfutoci a kan kuɗin banza. Daminar shekarar kuma tsawa ta ƙone hab da dama na waɗanda suka rage, ba wanda ya ce a sayo sabo. Oga Emeka ya koma sayar da kayan sola. Ni na koma gyaran fanka da dutsen guga, na kuma riƙe gonar gero ta gidanmu da gaske. Jakar kayan aiki ta daɗe a rataye.

Wadda ta sauko da ita Malama Hajara ce. Ajinta bai rufe ba, domin ba hira ake zuwa yi ba, aiki ake koyo. Ɗalibanta suka fara buɗe nasu a cikin gidaje, mai buga takardun makaranta, mai tsara katin biki, har wata makarantar 'yan mata ta nemi a haɗa mata ɗakin kwamfuta. Duk inda aka ce ba a shiga, sai a ce a kira Hajara. Ita kuma sai ta ce aikin waje, hawa tsani da bin bango da jawo layi, na Malam Lawal ne. Haka muka riƙa yi har Dutsi da ƙauyukan kewaye: ni in kai kebul bakin bango, ita ta karɓa daga ciki. A cikin gidajen da muka yi har da na Baba Sule, domin 'yarsa ta gama ajin ta sayi kwamfuta biyu. Shi da kansa ya riƙe min tsani, yana ta jaddada min cewa daga zaure zan tsaya.

Saboda haka, duk yaron da ya ce min ya iya, ga jarrabawar da nake yi masa. In zaunar da shi bayansa jingine da bango, in sa wani a ɗaya ɗakin da hab da kebul, in ce ya haɗa da baki kawai. Wanda bai san abin da ke zuwa bayan wane ba, a nan yake tsayawa, domin ba abin da zai soka ya zare ya gwada sa'a.

Kuma in kun lura, duk inda na gama aiki, ramukan da ba a amfani da su ina liƙe su da salatif, kebul ɗin da ya yi saura kuma ina tafiya da shi a jakata. Kun sha tambayata dalili. Dalilin Goggo Abu ne, Allah Ya jiƙanta. Har yau ban san launin fentin ɗakin nan ba. Amma in na bi ta ƙofar Malam Iliyasu da hantsi nakan leƙa shago mu gaisa, in ɗaga kai in dubi fitilar ramin nan da na ware wa ajin a hab ɗin shago. In tana ƙyaftawa kore, na san ana karatu a ciki, sai in hau babur ɗina in wuce.